Ƙanin Ne, Ba Wan Ba

Na Allah ne mu, kuma komai daɗewa wurinsa za a koma. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Fabrairu, da hantsi, Allah ya karɓi ran abokina, injiniyan nan da ɗalibanmu suka fi sani da Tela, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ina tsaye gaban allo ina koyar da darasin lantarki ƙaninsa ya bugo mini waya. Na fita baranda na ji abin da zai faɗa, na dawo na ci gaba da zanen da na fara, domin ban san abin da mutum ke yi da hannunsa ba bayan ya ji irin wannan labari. Sai da wata ɗaliba ta ce, "Malam, allin ya ƙare, da yatsa kake rubutu," sannan na nemi kujera.

Tela, na jinkirta wannan rubutu, kuma ba don rashin abin faɗa ba. Ka tafi ka bar mini ajin Asabar, ni kuwa ban san ko ajin zai rayu bayanka ba. Na kasa zama in jera yabonka alhali abin da ka gina yana neman rushewa a hannuna.

Ga waɗanda ba su san ka a wannan fuskar ba, bari in yi bayani. Kai ba malamin makaranta ba ne. Aikinka a kamfanin da ke gyaran mitocin lantarki yake. Ba wanda ya sa ka, kai ka zo ka same ni ka ce kana so ka koya wa manyan ɗalibanmu yadda ake ba ƙananan na'urori umarni. Shugaban makaranta ya ba mu wani tsohon sito a bayan ɗakin gwaje-gwaje, mai taga ɗaya da ba ta rufuwa. Muka saka dogon benci, wanda yanzu ya cika da tabon ƙuna, da wata fanka mai tsayuwa da ragarta ta daɗe da ɓata.

Ranar farko ka ɗaga wani baƙin abu da bai kai farcen babban yatsa ba, ka ce sunansa maikurokwantirola. Da ka ga harsunan yara suna tuntuɓe, sai ka ce a kira shi 'yar ƙwaƙwalwa. Ka ce irinta ce a cikin mita, da injin wanki, da agogon hannu. Ba ta da allon kallo, ba ta da madannai, ba ta da sararin da za ta riƙe kwamfaila, wato manhajar da ke fassara umarnin mutum zuwa harshen na'ura. Saboda haka a kwamfuta ake rubuta umarnin, a kwamfuta ake fassara shi, amma ba don kwamfutar ba. Ita ba za ta ma gane shi ba.

Yara suka yi maka zuru. Ka sosa ƙeya, sannan ka ce, "Kun taɓa ganin an kai wa tela awo, a ce ya ɗinka wa yaron da ke wani gari? Ba zai gwada rigar a jikinsa ba. Ba zai ga yaron ba. Awon kawai yake da shi. In awon ya yi daidai, riga ta shiga. In ya kuskure, komai kyan ɗinkin, a wuya za ta tsaya."

Wani ɗalibi da muke kira Dogo ya ce daga baya, "Wato kai tela ne, yallaɓai."

Sunan ya bi ka ke nan, kai da ko maɓalli ba ka iya ɗinkawa ba. Daga baya suka kawo maka tef ɗin awo don tsokana. Ka rataya shi a wuya, kuma ba ka sake shiga ɗakin nan ba tare da shi ba.

Akwai kayan aikin nan a haɗe, mutum ya sauke daga intanet ya fara aiki nan take. Ka ƙi. Ka ce kowane ɗalibi sai ya gina nasa daga tushe. Da farko a gina ƙananan kayan da ke harhaɗa guntayen umarni. Daga nan a zo kan kwamfaila, kuma a nan rigimar take. Cikakkiyar kwamfaila tana buƙatar laburare, wato tarin ƙananan ayyukan da kusan kowane shiri ke nema, irin su fitar da rubutu, da kwafe abu, da lissafi, kamar yadda tela ba ya ƙera zare da maɓalli da kansa. Shi kuma laburaren ba ya ginuwa sai da kwamfaila. Kakan tsaya ka tambaye su, "Da wane awartaki maƙeri ya riƙe awartakin farko?" Ka bar su su yi ta musu. Sannan ka nuna musu hanya: a gina rabin kwamfaila, gurguwa, wadda ba ta iya komai sai gina laburare. Da ita a gina laburaren. Da laburaren kuma a dawo a gina cikakkiya. Na ga idanun yara suna buɗewa a wannan gaɓa shekara bayan shekara, kuma ban taɓa gajiya da kallon ba. Ni kaina a kan wannan benci na koya, ina zaune tsakanin ɗalibaina.

Sai dai kana da wata ɗabi'a da muka daɗe muna ja-in-ja a kanta. Yaro zai sha wahala ya gina komai, ya tura umarninsa na farko, 'yar fitilar da ke kan allon na'urar, wato ɗan farantin da aka dasa 'yar ƙwaƙwalwar a kai, ta fara ƙiftawa. Ya juyo yana washe baki. Ka dafa kafaɗarsa ka ce, "Madalla. Warware." Wato ya goge duka ya sake daga farko. Wasu sukan yi dariya su sake. Wasu kuwa sukan ɗauki jaka su fita, kuma ba su dawo ba. Ina iya tuna fuskokinsu. Akwai masu kaifin kai a cikinsu.

Na tare ka a bakin ƙofar makaranta wata rana, kana ƙoƙarin tayar da babur, na ce, "Tela, yaran nan ba sojoji ba ne. Ka bar su su ɗanɗana daɗin abin tukuna."

Ka ce, "Malam, abin da ka gina sau ɗaya sa'a ce. Ranar da ba na nan fa?"

Na ce, "Ina za ka?"

Ka yi dariya ka ce, "Wurin abokan ciniki." Babur ya tashi, ka tafi.

Kada wanda bai san ka ba ya ɗauka kai mai tsanani ne. Akwai wata ɗaliba da ka raɗa wa Ƙarangiya, don in ta maƙale maka da tambaya ba ka rabuwa da ita. Ranar da ta juya wayoyin wuta ta ƙona allonta, ɗakin ya cika da ƙauri. Ka shinshina iska ka ce, "Wa ya ɗora girki bai gayyace mu ba?" Ka ɗauki ƙonannen allon ka kafa shi a bango da ƙusa, ka ce kowa ya gaishe shi, shi ne babban malamin ajin. Ka ciro wani daga jakarka ka miƙa mata. Yau ita ce ta fi kowa hannu. Kuma lokacin da mahaifiyata ke kwance, kai ka zo ka zauna a kan tabarmar ɗakinta kana gyara na'urar awon jininta, kana biye mata tana ba ka labarin ƙuruciyata, har da wanda bai kamata ka ji ba. Ka riƙe labaran nan kana yi mini barazana da su har ƙarshen rayuwarka.

Akwai abu ɗaya da ya kamata mai karatu ya sani kafin in ci gaba. 'Yar ƙwaƙwalwar da muke aiki da ita iri biyu ce daga gida ɗaya. A ido ba ka raba su. Girmansu ɗaya, ƙafafunsu ɗaya, harafi ɗaya tak ya bambanta a rubutun da ke bayansu, shi ma sai da madubin ƙara girma. Ɗaya tana da wani sashe a cikinta da ke yin lissafin ɗigo, irin talatin da ɗigo biyar. Ɗayar ba ta da shi, sai laburare ya yi mata lissafin a hankali, mataki-mataki. Kai ka raɗa musu wa da ƙane. Mai sashen shi ne wan. Tun da aka buɗe ajin, da wan muke aiki.

Bayan rasuwarka abubuwa suka haɗu mana. Laftof ɗinka ta kamfani ce, aka mayar musu da kayansu, yadda ya kamata. Kwamfutocin ajin kuma sababbi ne, a farkon zango aka kawo su, babu komai a cikinsu. Da kai muka shirya gina kayan aikin a cikinsu. Sai shugaban makaranta ya kira ni ofis. Mutumin kirki ne, ya yi mini ta'aziyya da gaske, sannan ya ce, "Malam, ba ƙeta ba ce. Littattafai suna jibge a baranda, ina bukatar sito. Ajin nan na marigayi ne. In ka nuna mini yana tafiya ba shi, kafin ƙarshen wata, na bar muku ɗakin. In ba haka ba, kar mu yaudari yara."

Ban ji haushinsa ba. Tambayar da ya yi ita ce ke hana ni sukuni tun ranar Larabar nan.

Muka yanke cewa za mu nuna masa aikin da ka bar mu a kai: na'urar da ke auna zafin ɗaki, in ya wuce iyaka ta kunna fanka. Sababbin allunan da ka yi oda gab da kwanciyarka suna nan cikin kwalinsu. Yara suka zauna gaban kwamfutoci wayam. Tela, da ka ga hannayensu. Ba mai duba komai, ba mai tambayar kowa. Ƙananan kaya, gurguwar kwamfaila, laburare, cikakkiya. Yatsunsu sun haddace. Na tsaya a bayansu, maganarka ta bakin ƙofa tana dawo mini. Aka tura umarnin gwaji, fitila ta ƙifta. Ba wanda ya yi murna da ƙarfi. Dogo ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Madalla. Warware." Wasu suka yi dariya, wasu suka juya fuska ga bango.

Daga nan aka tura ainihin shirin, na auna zafi. Na'urar ta tashi, ta ƙifta, ta sandare. Aka sake. Ta sake sandarewa a wuri guda. Muka canza wayoyi. Muka canza ma'aunin zafin. Muka ɗauko wani allo daga kwalin, shi ma haka. Kwamfaila ba ta yi ƙorafin komai ba, ta ce ɗinki ya yi. Muka warware muka sake, muka warware muka sake, muka dawo inda muke. Dogo ya ce, "Ko ita ma zaman makoki take yi?"  Asabar ta gaba benci ya fara nuna gurabe. Ƙarangiya ta tsare ni da ido ta ce, "Malam, ka gaya mana gaskiya, rufe ajin za a yi?" Na ce mata ban sani ba. Ban taɓa jin nauyin waɗannan kalmomi a bakina kamar ranar ba.

Cikin wannan hali na je gaida iyalinka da la'asar. Abin da zan faɗa yanzu da izininsu nake faɗa, har su suka ce in rubuta don dangi na nesa su ji. Maiɗakinka ta fito mini da tef ɗin awonka da madubinka na ƙara girma, ta ce a jakarka ta same su, ɗalibanka sun fi cancanta da su.  Sannan ta ce, "Malam, kai da ka san shi, akwai maganar da ta tsaya mana a rai."

Na ce, "Ina jin ki, Hajiya."

Ta ce, "Ranar da jikin ya tsananta, Yaya, wato wansa, da ƙaninsu duk suna bakin gado. Ya buɗe ido ya ce, 'A gaya wa yara, ƙanin ne, ba wan ba.' Ya maimaita. Daga nan bai sake wata magana mai tsawo ba."

Ta ce kowa ya ɗauka wasiyya ce a kan 'ya'yanka, cewa Baffa ƙarami, wato ƙaninka, shi ne zai riƙe su, ba Baffa babba ba. Yayanka, wanda shi ya raine ka bayan rasuwar mahaifinku, ya karɓi maganar yadda ta zo. Ya tsaya an yi komai da shi. Amma tun daga ranar, in ya zo gidan a ƙofa yake tsayawa, ya aika a gaida yara ya juya. Ta ce, "Na rasa laifin da Yaya ya yi masa. Ban taɓa jin sun sa-in-sa ba."

Na dubi madubin da ke hannuna. Na ce, "Hajiya, in yana gida, da wane suna yake kiran 'ya'yansa?"

Ta ce, "'Yan rigima."

Na ce, "In ya ce yara fa?"

 Can ta ce, "Naku. Na Asabar."

Ban ce mata komai ba tukuna, don ina tsoron in ɗaga mata rai a kan zato. Washegari da aka tashi tara, na kira ɗaliban zuwa sito. Na miƙa wa Ƙarangiya madubin na ce ta karanta mana rubutun da ke bayan 'yar ƙwaƙwalwar, harafi-harafi. Ta kai allon bakin taga. Ta karanta, ta tsaya, ta sake karantawa. Ta ce, "Malam, wannan ba wan ba ne."

Ƙanin aka aiko maka a odar ƙarshe. Na tabbata ka gani da ka buɗe kwalin, domin kai ba ka taɓa ɗinki ba ka auna ba, kuma ka yi niyyar gaya mana ranar Asabar, Asabar ɗin da ka wayi gari a asibiti. Mu kuwa mun gina kwamfaila da laburare a kan awon wan, domin shi hannayenmu suka haddace. Muddin ƙifta fitila ne, ba matsala. Da zarar an zo lissafin zafi mai ɗigo, sai shirin ya nemi sashen da ƙanin ba shi da shi, na'ura ta sandare. Riga ta tsaya a wuya. Sau nawa muka warware muka sake, ba wanda ya ɗaga kai ya auna. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma dukanmu a turke ɗaya aka same mu.

Muka canza awon, muka sake gina laburaren. Ƙarangiya ta damƙe ma'aunin zafin a tafin hannunta don ya ɗumama. Lambobi suka fara hawa, da ɗigonsu. Tsohuwar fankar nan ta yi ƙara, ta girgiza, ta fara juyawa. Tef ɗinka da na rataya a ƙusa kusa da ƙonannen allo ya shiga kaɗawa. 

Da yamma na ɗauki allon da madubin na tafi gidan Yayanka. Na zauna na yi masa bayanin wa da ƙane tun daga farko, na sa shi ya duba harafin da idonsa, don gani ya kori ji. Na gaya masa ba zan rantse a kan zuciyar mamaci ba, amma ga abin da na gani. Ya daɗe yana jujjuya allon a hannunsa. Sannan ya ce, "Wato a kan wannan ɗan abin nake ta rasa barci." Ya cire tabarau ya share ido da bakin riga. Ya ce, "Tun yana ƙarami haka yake. Ka aike shi sayen sabulu, ya dawo da tsohon rediyo." Ya tashi ya sa takalmi ya ce bari ya je ya ga 'yan rigima. An gaya mini ranar har ɗaki ya shiga.

Shugaban makaranta ya zo ya ga fanka na juyawa. Ya bar mana ɗakin zuwa ƙarshen shekara, ya ce daga nan a sake dubawa. Na gode masa. Amma ba zan ɓoye maka ba, Tela, raina bai kwanta ba. Wannan karon kai ka cece mu, daga gadon asibiti, da numfashin da ya rage maka. Matsala ta gaba ba saƙon da zai zo. Kuma har yau ban gama yarda da kai ba a kan warwara. Ita ta sa yaran suka iya ginawa ba ka nan, ita kuma ta sa suka gina da ka ba su duba ba. Da kana raye da na tare ka a bakin ƙofa da wannan hujja, na san kuma da ka sami amsa kafin babur ya tashi. Sababbin ɗalibai za su shigo. Fitilar wani za ta ƙifta, ya juyo yana washe baki, kuma ni ne zan tsaya a bayansa. Ban san abin da zan ce masa ba tukuna. Abin da na sani shi ne, kafin ya taɓa madannai, madubin nan zan fara miƙa masa.

Ka koya mana cewa akwai aikin da ake yi a nan, amma ba a nan ake sa shi ba. Mai yin sa ba ya gwada shi a jikinsa, ba ya ganin inda za a kai shi, sai dai ya kyautata awo ya miƙa. Yanzu ka tafi inda ake karɓar irin wannan ɗinki. Ya Allah, ka sa abin da bawanka ya ɗinka a nan ya shige shi a can, daidai jikinsa. Inda awonsa ya gaza, ka cika masa da rahamarka. Ka gafarta masa, ka yalwata masa makwanci, ka haskaka shi, ka sa ilimin da ya bari a hannun yaran nan ya riƙa isa gare shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa, Allah ya ba ta haƙuri da ƙarfin riƙon amana. Ga 'yan rigimarsa, Allah ya raya su ya yi musu albarka. Ga abokan aikinsa, da ɗalibansa, waɗanda suka zauna da waɗanda suka ɗauki jaka suka fita, ƙofar sito a buɗe take ranar Asabar. Ga 'yan'uwansa biyu kuma, wan da ƙanin duka, Allah ya ƙara haɗa kanku a kan marayun da ya bari. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani.